Jan ido: Cututtukan bairos da ke kama ido da yadda likitoci ke gane su

A Najeriya, da zarar ido ya yi ja yana zubar da hawaye, sai a ce Apolo ne. Sunan ya samo asali ne daga Gana, inda annobar ta ɓarke a 1969, shekarar da kumbon Amurka na Apollo 11 ya sauka a duniyar wata. Sai dai ba kowane jan ido ne Apolo ba. Ƙwayoyin bairos iri-iri ne ke kama ido. Wasu su warke da kansu, wasu kuma su bar hakiya ko makanta. Gane wanne ne ya kama mutum shi ne ke bambance wanda zai jira da wanda zai garzaya asibiti.

Ire-irensu

Apolo na ainihi ƙwayoyin enterobairos 70 da koksaki A24 ne ke haddasa shi. Yakan bayyana cikin kwana ɗaya zuwa biyu bayan kamuwa, fatar ido ta kumbura, jini ya taru a farin ido. Duk da ban tsoron da yake da shi, yakan lafa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

A cikin ƙwayoyin bairos, adinobairos shi ne ya fi haddasa jan ido a duniya, sau da yawa tare da mura, zazzaɓi da ciwon maƙogwaro. Ƙwayar na iya daɗewa a kan mariƙin ƙofa, tawul ko tebur, shi ya sa take bin ofis ko layin kasuwa gaba ɗaya.

Mafi haɗari ita ce hapis, ƙwayar da ke fitar da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi. Idan ta shiga koniya, wato tantani mai haske da ke gaban baƙin ido, takan yi gyambo, galibi a ido ɗaya, kuma tana dawowa. 'Yar'uwarta da ke kawo ƙarambau takan kwanta a jijiya shekaru, sannan ta farka da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na goshi.

Ƙyanda kuma na lalata idon yaran da ba su da isasshen bitamin A, yayin da ƙwayar CMV ke cin bayan ido a wurin masu HIV da garkuwar jikinsu ta yi rauni ƙwarai, ba tare da idon ya yi ja ba.

Yadda ake gano su

Mataki na farko tambaya ce: yaushe ya fara, ido ɗaya ne ko biyu, akwai mai irinsa a gida, gani ya ragu? Ruwan da ke fita ma shaida ne. Na bairos yawanci hawaye ne tsararo, na bakteriya kuwa kwantsa ce mai kauri da ke manne ido da safe, na borin jini kuma ƙaiƙayi ne ya fi yawa. Likita zai taɓa gaban kunne, domin kaluluwa a wurin na nuni ga bairos. Zai kuma auna gani da allon haruffa.

Daga nan sai na'urar duba ido mai siririn haske, wadda ke girmama koniya. Akan ɗiga rini mai ruwan lemo da ake kira fuloresin, a haska shuɗin haske. Duk inda ya ƙuje sai ya yi kore. Gyambon hapis na fitowa da siffar reshen bishiya, kuma wannan alama kaɗai takan isa a fara magani. Ga masu ƙurajen goshi, idan sun sauko kan hanci, akwai yiwuwar idon ma ya kamu. CMV kuwa sai an ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido an leƙa ciki.

Idan alamun ba su fito fili ba, akan goge ruwan idon da auduga a kai ɗakin gwaji domin gwajin PCR, wanda ke gano ainihin ƙwayar. Yawancin masu jan ido ba sa buƙatarsa.

Abin da ke biyo baya

Maganin kashe bakteriya ba ya kashe bairos. Apolo da adinobairos ba su buƙatar fiye da ɗora tsumma mai sanyi, wanke hannu da sabulu, da daina haɗa tawul, matashi ko tozali da kowa. Hapis kuma na buƙatar magani irin su asaikulobiya, kuma ga ƙurajen goshi ya fi aiki idan aka fara cikin sa'o'i 72.

Babbar illa ita ce maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroyid da ake saya a kemis ba da umarnin likita ba. Yana rage ja nan take, amma a idon da ke da hapis yakan faɗaɗa gyambon, har koniya ta iya hujewa. Haka nan fitsari, nonon uwa, ruwan sukari ko ruwan batir na ƙara ɓarna ne kawai.

Duk wanda ganinsa ya dushe, ko yake jin zafi mai tsanani, ko ya kasa kallon haske, ko ya ga farin ɗigo a baƙin idonsa, ya ga likitan ido a ranar. Haka ma jariri mai jan ido. Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa na yin waɗannan gwaje-gwaje.