Harsashin da Ya Koyi Hanya

Tun ina yaro a tsohon Zangon Lome, kafin a rushe shi a 1977 a kwashe mu zuwa Agoe, nake jin tsofaffi suna labarin igwa. A watan Agusta na 1914 sojojin Ingila suka shigo daga Gwalkwas, da Hausawa a cikinsu, suka nufi Kamina inda Jamus ta kafa tashar wayar iska. Igwoyinsu ƙanana ne, ana kwance su 'yan dako su ɗauka a ka. Saitin kuwa da ido ne. Irin waɗannan igwoyi Kanar Morland ya kai Kano a 1903, ganuwa ta shanye harsasan, sai da aka koma kan ƙofa.

Da na girma na tafi Najeriya na shiga soja, aka tura ni makarantar atilare ta Kachiya. Can na gane cewa harsashi na barin bakin igwa ya fita hannunka. Iska ta ture shi, zafin albarushi ya ƙara masa tafiya, bakin igwar da ya sha aiki ya rage. Tun yaƙin Kambare na 1917 a Faransa aka nuna ana iya lissafa wannan kafin harbi, kuma kwamfutar ENIAC ta Amurka don teburan harbi aka fara ƙera ta. Duk da haka, mu a fili gyara muke yi: ɗan hange yana gaba da oba-oba, harsashi na farko ya zarce, na biyu ya gaza, na uku ya sauka. Waɗancan biyun fa? Ba sa ɓacewa a sama. Na taɓa shiga wani gari bayan harbi, na tsaya a tsakar gidan da ɗaya ya faɗa, tukunya na kan murhu. Har yau ina ganinta.

Shi ya sa ban raina harsashi mai jagora ba, ko da wasu abokan aikina na cewa ɓarnar kuɗi ce. Copperhead na Amurka da Krasnopol na Tarayyar Sobiyet hasken leza suke bi, wanda wani ke haskawa kan abin hari, su karkata da 'yan fikafikansu. Hazo ko ƙura kan makantar da su, wanda ya san hunturunmu ya san matsalar. Excalibur, da aka fara harbawa a Iraƙi a 2007, tauraron ɗan Adam yake saurara. A Yukiren Rasha ta riƙa toshe masa sigina, ya koma kuskure.

Wani ɗan ƙanena ya tambaye ni a bakin masallaci, "Baba, yanzu ai ba a kuskure ko?" Na ce masa, yaro, harsashin zai je daidai inda aka rubuta masa. Wanda ya rubuta lambar wurin a taswira mutum ne, wataƙila kwana biyu bai runtsa ba.