Tsarki da Tunawa: Tarihin Wasu Kalmomi a Ƙasar Maraɗi

A Ingilishi akwai kalmomi biyu da masu fassara suka saba mayarwa da “tsarki”, alhali asalinsu ba ɗaya ba ne. “Holy” ta fito daga tsohon Ingilishi “halig”, ƴar uwar kalmar da ke nufin cikakke, mai lafiya. “Sacred” kuwa daga Latin “sacer” take, watau abin da aka keɓe wa abin bauta. Ita ce “sacré” ta Faransanci.

Tarihin Gulbin Maraɗi yana nuna inda wannan fassara take gazawa. Bayan faɗuwar Katsina a 1807, zuriyar sarakunanta suka kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Sun tarar da Anna zaune a garuruwa irin su Jiratawa, kowace zuriya da kan gidanta. Ba'anne bai ce wa itacen da yake yanka a gindinsa “mai tsarki” ba. Wurin tsafi ne, keɓaɓɓe, ana tsoronsa. Wannan ya fi kusa da “sacer”. A bakin malamai kuwa, tsarki shi ne rabuwa da najasa kafin salla, sannan nisantar da Allah daga kowane aibi. Abin da ba a keta shi kuma, hurumi ne ko alfarma, kalmomin aro daga Larabci.

Sabuwar ma'ana ta shigo da ƴan mishan na SIM, waɗanda suka zauna Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920. Fassarar Baibul ta 1932 ta zaɓi “tsarki” a madadin “holy”, har sunan littafin ya zama Littafi Mai Tsarki. Ta haka kalma guda ta ɗauki nauyi uku: wankin jiki, siffar Allah, da halin mai bi.

Haka batun tunawa yake. “Memory”, “memorial” da “commemorate” duka daga Latin “memor” suke, kuma “memorial” takan nufi gini ko dutsen da aka kafa domin mamaci. Bahaushe da baki da hannu yake tuna nasa: sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in, da kirarin da maroƙa ke yi wa sarakunan da suka shuɗe a ƙofar fada. Zikiri ma, a Larabci, tunawa da ambato yake nufi.

Saboda haka, masu tsara littattafan yaƙi da jahilci suna da aiki a gabansu. In aka rubuta “wuri mai tsarki” a littafin karatu, almajiri zai fahimci wurin da babu najasa, ɗan coci zai fahimci wurin Allah, manomin Jiratawa kuma ba lalle ya gane kan gidan kakanninsa a ciki ba. Ya kamata ƙamus ya ba tsarki, tsafi, hurumi da alfarma kowace gurbinta, tare da misali daga bakin masu amfani da ita.