2.2 Malam Shehu Shagari: Malanta da Rubutun Tarihi

An haifi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari a garin Shagari a shekarar 1925. Ya yi elementare a Yabo, ya wuce Midil ta Sakkwato, daga nan sai Kwalejin Kaduna, inda ya kammala a 1944. Ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, daga baya ya riƙe hedimasta a Argungu. An zaɓe shi ɗan Majalisar Tarayya a 1954.

Masu nazari sun fi karkata ga shugabancinsa na ƙasa (1979-1983), amma wannan bincike na ganin an tauye malantarsa. A 1948 ya tsara Waƙar Nijeriya, wadda ta ƙunshi labarin ƙasa da tarihi, domin ɗalibi ya haddace abin da ke yi masa wuya a zube. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a yankin. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya zauna a Boɗinga lokacin da Shehu ke Sifawa, ya rubuta Tazyinul Waraƙati a 1813, inda ya jingina tarihin jihadi a kan waƙoƙinsa. Bambancin shi ne, na Malam Abdullahi da Larabci yake, na malamai ne. Ta Shagari kuwa da Hausa take, ta 'yan aji ce.

A 1978 ya haɗa hannu da Jean Boyd suka wallafa littafi da Turanci kan shugabancin Shehu Usmanu. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba, 2018, aka binne shi a Shagari.