Ɗan Sarkin Indiya Baƙadire da Tambayar Maitreyi

A shekarar 1657, lokacin da Wali Ɗan Masani yake karantar da almajirai a birnin Katsina, wani ɗan sarki a birnin Delhi ya tara malaman addinin Hindu daga Banaras, suka yi wata shida suna juya tsofaffin littattafansu daga harshen Sanskirit zuwa Farisanci. Sunansa Dara Shikoh, babban ɗan Shah Jahan wanda ya gina Taj Mahal. Musulmi ne, kuma Baƙadire, ya karɓi ɗariƙa a hannun Mulla Shah, almajirin Miyan Mir na Lahore. Ɗariƙar nan dai ta Shehu Abdulƙadir Jilani, wadda ake danganta shigowarta ƙasar Hausa da zuwan Shehu Magili Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15.

Littattafan da aka juya ana kiransu Upanishad, guda hamsin ko kusa da haka, ya kuma sa wa tarin suna Sirri Akbar, wato babban sirri. Mu da muka san Indiya ta wajen rawa da waƙa, irin fina-finan nan masu fassarar Hausa da za ka tarar samari sun duƙufa kansu a waya in ka ratsa Kambarawa da yamma, ya kamata mu ji abin da ya ja hankalin mai jiran gadon sarauta zuwa gare su.

A ɗaya daga cikin mafi tsufansu akwai labarin wani malami, Yajnavalkya, da ya yi niyyar barin gida ya shiga daji yin halwa. Ya kira matarsa Maitreyi don ya raba mata dukiya da kishiyarta. Sai ta tambaye shi ko da duniya duka za a cika mata da dukiya, shin hakan zai kuɓutar da ita daga mutuwa? Ya amsa mata cewa a'a, rayuwarta za ta zama irin ta masu hali ne kawai. Nan take ta ƙi rabon, ta ce ya bar mata abin da ya sani. Darasin da ya ba ta shi ne ginshiƙin wannan tunani: mutum ba ya son miji ko ɗa ko dukiya don su kansu, yana son su ne saboda wani abu da ke can cikinsa, wanda suke kira atman. Wanda bai san wannan abu ba, zai ƙare kwanansa yana bin inuwarsa a cikin kayan duniya.

Sun bambanta daɗi da alheri, suna cewa daɗi yana zuwa yana wucewa. Farin cikin da ba ya gushewa suna kiransa ananda, kuma a wurinsu ba nemo shi ake yi daga waje ba, tono shi ake yi. Wani littafin ya kwatanta mutum da kube biyar, ɗaya cikin ɗaya: jikin da abinci ya gina, numfashi, zuciya mai saƙe-saƙe, hankali, sannan ananda a can ƙurya. Hanyar isa kuwa mataki uku ce: ka ji daga bakin malami, ka yi ta juya abin da ka ji har shakka ta kau, sannan ka zauna da shi cikin natsuwa har ya zama halinka. Duk wanda ya taɓa zama a zauren karatu zai gane wannan tsari.

Ba Dara ne Musulmin farko da ya lura da haka ba. Tun wajen 1030 Albiruni, wanda ya koyi Sanskirit, ya rubuta littafinsa kan Indiya, ya juya littafin Patanjali kan yoga zuwa Larabci, yana kwatanta maganganunsu da na Sufaye.

Kuma kamannin gaskiya ne. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buɗe Kimiya'us Sa'ada da babin sanin kai. Zancen nan da ke yawo a bakin masu wa'azi, cewa sanin kai ƙofa ce ta sanin Ubangiji, Imamu Suyuɗi ya rubuta 'yar risala a kansa, ya nuna bai inganta a matsayin hadisi ba, amma ya tsaya ya yi bayanin ma'anarsa. Suyuɗin nan shi ne ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga Masar. Saboda haka tambayar Maitreyi ba baƙuwa ba ce a garin Ɗan Marina da Gobarau.

Sai dai amsar ta rabu, kuma a ganina nan ne Dara ya yi gaggawa. Mazhabar Shankara, malamin ƙarni na 8, tana koyar da cewa atman da Brahman, asalin komai, abu ɗaya ne. In ka san kanka sosai, za ka tarar babu biyu. Malaman da Suyuɗi ya kawo maganarsu akasin haka suka fahimta: wanda ya san kansa da rauni da buƙata da ƙarewa, shi zai san Ubangijinsa da iko da wadata da wanzuwa. Bawa bawa ne, natsuwarsa tana cikin yarda da hakan. Su kansu 'yan Hindu ba su haɗu a kan Shankara ba, don Madhva a ƙarni na 13 ya dage cewa rai daban, Ubangiji daban. Dara kuwa a littafinsa Majma'ul Bahraini na 1655 ya tafi a kan cewa saɓanin Sufaye da malaman Hindu na lafazi ne kawai.

Wannan ra'ayi ya zama makami a hannun abokan gabarsa. Shah Jahan ya kwanta ciwo a 1657, 'ya'yansa suka kaure da yaƙin gado, ƙanen Dara, Aurangzeb, ya yi nasara. A 1659 aka zagaya da Dara cikin Delhi a kan giwa cikin tsumma, malaman fada suka yanke masa hukuncin ridda, aka kashe shi. Sarauta ce ainihin rigimar, amma da littattafansa aka kafa hujja.

Ɗan Masani ya rasu shekara takwas bayan haka, a 1667. Sirri Akbar kuwa, da yake da Farisanci aka rubuta shi, harshen da ba a karatu da shi a zaurukanmu, Turai ya nufa. Wani Bafaranshe, Anquetil-Duperron, ya juya shi zuwa Latin ya buga a 1801 da 1802. Wannan fassarar ta fassara ce ta faɗa hannun masanin falsafa na Jamus, Schopenhauer, wanda ya riƙa karanta ta har ƙarshen rayuwarsa a 1860.