Dalmar Sunke da Saƙon Ƙwayoyin Ƙwaƙwalwa

A shekarar 2010 aka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a Sunke da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. Yara kimanin 400 suka rasu.

Shigar burtu dalma ke yi. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da sinadarin kalsiyam suke isar da saƙo. Sai ta zauna a gurbinsa, saƙon ya rikice, yaro ya kama jijjiga. Maganin DMSA, wanda likitocin MSF suka bayar, yana fitar da ita ta fitsari, amma wadda ta ɓuya a ƙashi takan komo cikin jini. Shi ya sa aka kankare ƙasar gidajen Sunke aka zuba sabuwa, domin magani ba ya wadatar da yaron da zai koma wasa cikin ƙurar.