Makamin Asiri a Labarun Ƙasar Hausa: Mallaka ko Amana?

Masu sha'awar labarun da sukan yi gardama a kan makaman nan na asiri da ake ambata a tarihin sarautu: shin na wanda ya ƙera ne, ko na jarumin da ya riƙe, ko kuwa na gadon sarauta? In an ba wani aronsu, asirin yakan bi shi? Tambayar ta shafi Rano, gama ita ɗaya ce cikin Hausa Bakwai, kuma a kudancin ƙasar Kano, wajen da take ita da Kibiya, aka ga ƙarshen ɗaya daga labarun nan.

Mu fara duba harshe. Bahaushe ya bambanta aro da rance. Abin aro shi kansa ake mayarwa, na rance kuwa madadinsa ake biya. Amana ta wuce su duka biyu, don mai riƙonta ba shi da ikon ya sayar, ko ya kyautar, ko ya ɓata. Ana aron takobi, ba a rancensa, balle wanda aka ce yana da asiri, wanda ba shi da madadi.

A labarin Bayajida, maƙeran Gaya ne suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ita. Amma ba ta koma Gaya ba, ba a kuma raba ta gado tsakanin 'ya'yan Bawo ba, har da wanda aka ce ya kafa sarautar Rano. A Daura aka ajiye ta cikin kayan sarauta. Haka Gajere, takobin da aka ce Korau ya kashe Sanau da shi a Katsina: ya zama na gadon sarauta, kowane sarki ya riƙa ya bar wa na bayansa.

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fitar da fassararsa a 1908, ya kawo misalin da ya fi waɗannan bayyana. Tun zamanin Muhammadu Zaki (1582-1618) Kanawa suna da Dirki, watau Alƙur'ani da aka naɗe cikin fatu, ana ɗaukarsa garkuwar gari, ana yi masa yanka. Sa'ad da aka nemi shanu 40 domin Dirki wajen Sarki Alwali (1781-1807), sai ya ƙi, ya sa aka fasa shi da gatura. Mutane suka yi masa gargaɗi cewa yadda ya fitar da abin da ke ciki, haka shi ma za a fitar da shi daga ƙasar. Jihadi ya iso Kano, Alwali ya bar birni, aka kashe shi a Burumburum a 1807.

Addini bai yarda da yankan da ake yi wa Dirki ba. Amma abin da mai labarin ya nuna shi ne Alwali ya taɓa abin jama'a kamar dukiyarsa ta kansa.

Saboda haka amsar da labarun suka bayar ita ce, sarki ba ya ba da aron makamin asiri, don shi ma amana aka ba shi. Ya kamata malaman da ke koyar da labarun nan su jawo hankalin almajiransu ga kalmomin aro, rance, gado da amana, domin a cikinsu ne Hausawan da suka faɗi yadda suka ɗauki mulki.