Gishirin Hausa a Ma'aunin Kwamfuta

A littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, Paul Newman ya ware wasu ƙananan kalmomi guda shida: fa, dai, kam, kuwa, kuma, ma. Tun a 1991 Constanze Schmaling ta yi nazari a kansu da Jamusanci, kuma a taken aikin nata akwai laƙabin "Gishirin Hausa". Matsayar wannan maƙala ita ce, kwamfuta ba za ta fahimci waɗannan kalmomi ba sai an koya mata auna abin da ke zukatan masu zance.

A dubi jimlar "Audu ya zo". In aka ce "Audu ma ya zo", akwai waɗanda suka zo ban da shi. "Audu kam ya zo" na tabbatar da zuwansa, amma ta bar shakka a kan sauran. "Audu ya zo fa" gargaɗi ne ga wanda bai shirya ba. Labarin ɗaya ne. Abin da ya sauya shi ne zaton mai magana game da abin da abokin zancensa ya sani ko yake tsammani.

A 2012 Michael Frank da Noah Goodman suka wallafa a mujallar Science wani tsari da ya mayar da irin wannan zato lissafi, bisa ƙa'idar Bayes. Mai sauraro yana ƙiyasta dalilin da ya sa aka zaɓi wannan furuci aka bar wancan, shi kuma mai magana tun farko ya ƙiyasta yadda za a ji shi. In aka ɗora "fa" a kan wannan ma'auni, aikinta shi ne ƙara nauyin yiwuwar cewa mai sauraro ya manta ko ya yi sakaci.

Sai dai lissafi ba ya tsayawa ba tare da misalai ba. Galibin rubutun Hausa da ake horar da na'ura da shi labaran jarida ne, inda ba a jayayya ko rarrashi kamar a tsakar gida. Rubutu kuma yakan zubar da karin murya, alhali "dai" ta lallashi da "dai" ta ƙosawa a murya suke rabuwa.

Saboda haka ya kamata sassan nazarin Hausa a jami'o'inmu su naɗi hirar kasuwa da ta zaure da izinin masu ita, su yi wa kowace "fa" da "dai" alamar manufarta. Wannan taska ita ce matakin farko, kuma masu harshen ne kaɗai za su iya gina ta.